Fulogi Takwas a Magdalena

Tun ranar Talata a-kori-kurata take tari.
A hawan nan na bayan gada, hanyar Santa Ana,
ta yi atishawa sau uku, ta shaƙe,
kankana ɗari da ashirin a bayanta
suna gwara kai, ni ina lallashin totur.

Da yamma na kwance fulogi takwas, na jera a kan tsumma.
Biyar ruwan toka, ba laifi a ido,
biyu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
na takwas kuwa bakinsa ya cinye
irin haƙorin nan nawa na hagu da nake kewaya wa tauna.

A shagon Herminia fanka na juya zafi, ba ta korarsa.
Ta ɗora kwali uku a kan kanta,
ta sa farce a na farko:
na tagulla, feso saba'in kowane ɗaya,
amma baɗi war haka ka dawo.
Na biyu ɗari da sittin.
Na uku ta riƙe shi kamar ƙwai,
bakinsa siriri, tsinin allura ya fi shi kauri da kaɗan,
iridiyom sunansa, ɗari uku da goma.
Ta ce: Eusebio, wannan in ka ɗaura ka manta,
kilomita dubu ɗari bai ce uffan ba.

Na yi lissafi da yatsu a ƙarƙashin hula.
Ɗari biyar da sittin.
Dubu biyu da ɗari huɗu da tamanin.
Tsakaninsu akwai kankana tamanin,
akwai kuɗin wuta, akwai tayar baya da ta fara sanƙo.

Kilomita dubu ɗari!
Ni da ba na wuce Hermosillo, shi ma sai ta kama.
Motar shekararta talatin da ɗaya,
ni sittin da tara,
gwiwata na ƙara, ƙofarta na ƙara.
In sayi abin da zai binne mu duka biyu,
yana ta ƙyasta wuta a cikin gawar inji?

Jikata Yaretzi na tsaye tana latsa waya.
Ta ce: Kaka, araha ba ta ado.
In ka raba da shekaru, mai tsadar ne mai sauƙi.
Ta nuna mini lambobi, kuma gaskiyarta,
sai dai shekarun da ta raba da su
ban san wa ya sa hannu ya ba ni su ba.

Herminia ta yi dariya, ta ce ku sasanta,
akwai mutum a bayanku yana jiran bel.

Na ɗauki na tagulla.
Iya kuɗinka, iya shagalinka.
Yarinyar ta turo baki har muka isa gida.

A inuwar katanga na miƙa mata sifana.
Na ce fara ɗaurawa da hannu, kar ki tilasta,
in zare ya hau karkace, kukan ba na feso saba'in ba ne.
Ta ƙona yatsa a jikin inji, ta tsotsa, ta ci gaba.
Na shida ya ɓuya can ƙasan tiyo,
hannuna ba ya shiga, nata ya shige.
Baƙin mai har goshi.

Ta murɗa makulli.
Takwas ɗin suka amsa baki ɗaya,
karen maƙwabci ya tashi daga ƙarƙashin mota.

Ban faɗa mata ba, ba zan kuma faɗa ba:
wancan mai tsadar, sau ɗaya za ta ga an ɗaura shi.
Wannan kuwa baɗi zai gaji,
baɗin baɗi ma haka,
kuma sifanar tana cikin aljihun motar,
naɗe da tsohuwar safa, inda ta mayar da ita da kanta.

Gobe da asuba akwai lodi.
Ta ce ita za ta ja mu a hawan bayan gada.